Yadda ake ƙiyasta lokacin gasa kafaɗar rago a kan gawayi

Duk wanda ya sayo kafaɗar rago guda, wadda mahauta ke kira karfata, da niyyar gasa ta sukutum a kan gawayi, tambayar farko da ke zuwa masa ita ce awa nawa za ta ci a wuta. Amsar ta kasu biyu. Akwai lissafin da zai gaya maka ƙarfe nawa za ka hura wuta, akwai kuma alamun da naman da kansa zai ba ka idan ya gasu. Aikin lissafin shi ne ya tashe ka da wuri. Ba shi ne zai ce maka sauke ba. Na ga mutane da dama sun sauke nama don kawai awannin da aka faɗa musu sun cika, suka sa wuƙa suka tarar da shi yana jayayya da haƙori, alhali da sun ƙara masa awa ɗaya da yatsa ma zai yage shi.

Dalilin daɗewar yana cikin halittar wurin. Kafaɗa tsoka ce mai aiki, ita ke ɗauke da gaban dabba duk inda ta sa ƙafa, don haka cike take da jijiya da tantani. Abin da ya gina su sinadari ne da ake kira kolajin, shi ne yake narkewa ya sa romon ƙashi ya daskare idan ya huce. Kolajin ba ya narkewa da zafin farat ɗaya. Yakan fara saki sosai ne daga wajen digiri 70 na ma'aunin Selsiyas zuwa sama, kuma yana buƙatar awanni. Ta fuskar lafiya, hukumar aikin gona ta Amurka ta ce gundumemen naman rago ya isa ci idan cikinsa ya kai digiri 63 aka bar shi ya huta minti 3. Amma a wannan matakin kafaɗa tauri gare ta. Laushin da ake nema, wanda ƙashi ke zarewa da kansa, yana tsakanin digiri 90 da 95. Duk lissafin da zai biyo baya na isa can ne.

Fara da sikeli, sannan ka dubi kauri

Ka aza naman a sikeli bayan ka rage kitsen da ya yi yawa, ba kafin nan ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, haka ne, sai dai a nan kuskuren rabin kilo yana nufin kuskuren fiye da awa guda. Kafaɗar rago matsakaici da ƙashinta takan faɗa tsakanin kilo 1.5 da kilo 3.

Bayan nauyi sai ka kwantar da ita a faranti ka dubi wurin da ya fi tudu, wajen da allon kafaɗa ya haɗu da ƙashin hannu. Wannan tudun shi ke mulkin lokaci, domin zafi daga waje yake shiga yana rarrafe zuwa tsakiya, kuma tafiyar ba ta ƙaruwa daidai da nisa. Idan kauri ya ninka sau biyu, lokacin da zafi zai ɗauka ya kai tsakiya yakan ninka kusan sau huɗu. Wannan ƙa'ida tana warware abubuwa uku da ke rikita masu gashi. Na farko, kafaɗa biyu masu kilo 2 kowace, idan an jera su da tazara a tsakani, ba lokacin kilo 4 za su ci ba, lokacin kilo 2 za su ci da ɗan ƙari kaɗan, don wutar na ɗumama nama mai sanyi har biyu. Na biyu, kafaɗa mai kilo 4 ba ta cin ninkin lokacin mai kilo 2, saboda yawancin ƙarin nauyin a tsawo da faɗi ya tafi. Na uku kuwa shi ne wanda ya fi kama mutane: ƙaramar kafaɗa tana daɗewa fiye da yadda lissafin awanni ga kowane kilo, wanda zan kawo a gaba, ya nuna. Mai kilo 1.5 ba za ta gasu a awa 4 da rabi a wuta mai sanyi ba, ka ba ta 5 da rabi ko 6.

Idan an cire ƙashin an naɗe naman an ɗaure da zare, ya zama dunƙule mai kauri, ka ƙara masa lokaci. Idan kuwa an cire ƙashin an baje shi, zai riga lissafinka gasuwa.

Shekarun dabbar ma suna da ta cewa. Jijiyar tsohon rago ta fi ta ɗan rago taurin kai, don haka idan ka ga naman ya yi ja sosai, ƙashin ya yi ƙwari, ka ƙara awa guda a ranka tun kafin ka fara.

Zaɓi zafin da za ka riƙe

Wannan lissafi na murhu mai murfi ne, inda garwashi ke gefe guda nama ke ɗaya gefen, zafi na zagaya shi kamar a tanda. Sanannen irinsa shi ne mai siffar ƙwallo da George Stephen ya ƙera a Amurka a 1952, wanda kamfanin Weber ke sayarwa, kuma wanda aka fi amfani da shi faɗinsa santimita 57 ne. Ba dole sai shi ba. Duk murhun da ke da murfin da ke rufuwa da kyau da ƙofofin iska sama da ƙasa zai yi. Abin da ba zai yi ba shi ne buɗaɗɗiyar raga a kan garwashi kai tsaye. A nan wajen naman zai ƙone ƙurmus tun cikinsa bai san an hura wuta ba.

Ga ƙiyasin da nake aiki da shi na kafaɗa mai ƙashi, mai nauyin kilo 2 zuwa 3, wadda ba a naɗe ba. A zafin digiri 110, awa 3 da rabi zuwa 4 ga kowane kilo. A 120 zuwa 125, kusan awa 3 ga kilo. A 135, awa 2 da rabi. A 150, wajen awa 2. Idan ma'aunin zafinka na Farenhait ne, 110 ɗin nan shi ne kusan 230, 120 kusan 250, 135 kuwa 275, sai 150 da ya zo kusan 300.

Ni dai na fi son 125 zuwa 135. Wutar 110 tana da wuyar riƙewa a gawayi, tana kusa da mutuwa a kowane lokaci, kuma bambancin da take kawowa a ɗanɗano bai kai awannin da take ci ba. Kafaɗa na da kitse a jikinta da zai kare ta daga bushewa, ba ta tsoron ɗan zafi.

Yanzu sai lissafi, kuma daga baya ake faro shi

Kada ka ce zan aza ƙarfe kaza in ga lokacin da zai gasu. Ka fara da lokacin da za a ci. A ce kafaɗarka kilo 2.5 ce, za ka riƙe wuta a 120 zuwa 125, kuma ƙarfe 7 na yamma za a zauna cin abinci. Cire awa 1 na hutun nama bayan an sauke, ka dawo ƙarfe 6. Cire awa 1 da rabi na rara, ka dawo 4 da rabi. Cire awa 7 da rabi na gashin kansa, ka dawo ƙarfe 9 na safe, lokacin aza nama ke nan. Cire minti 45 na hura gawayi da jiran murhu ya daidaita, ka ga ƙarfe 8 da kwata ya kamata ashana ta kama.

Rarar nan ta awa ɗaya da rabi ita ce zuciyar lissafin, kuma ita mutane suka fi saurin yankewa don su ƙara barci. Kada ka taɓa ta. Naman da ya gasu da wuri zai iya jira awa uku yana da zafinsa, har ma ya ƙara daɗi. Naman da bai gasu ba kuwa babu wata dabara da za ta narkar da jijiyarsa a minti ashirin. Idan karonka na farko ke nan da wannan murhun, ka mayar da rarar awa biyu.

Abu ɗaya da ke rushe lissafi tun daga tushe shi ne ƙanƙara. Idan naman daskararre ne, ka sauko da shi cikin firij, wajen sanyi mara ƙanƙara, aƙalla kwana ɗaya cikakke ga kowane kilo 2 zuwa 2.5, kwana biyu ya fi kwanciyar hankali. Ka soka tsinke a tudun ka tabbatar babu tauri a ciki. Amma ajiye shi a waje don ya rage sanyi kafin a aza, wannan ba ya rage komai a lokaci. Awa guda a kan tebur ba ta taɓa tsakiyar nama mai wannan kauri. Gishiri ma ba ya sauya lokaci, sai dai idan ka shafa shi tun daren jiya, kamar giram 10 ga kowane kilo, zai ratsa ciki.

Shirya wutar da za ta kai ka ƙarshe

Lissafin awa bakwai ba shi da amfani idan gawayinka na awa biyu ne. Dabarar ita ce kada ka kunna gawayin duka lokaci guda. Idan curarren gawayi kake da shi, mai girma iri ɗaya, ka jera shi a gefen murhu kamar maciji ya naɗe, biyu a faɗi biyu a tsayi, har ya zagaye kashi uku cikin huɗu na da'irar. Ka kunna guda 8 zuwa 10 a wani wuri daban, ka jira su yi farar toka, ka zuba su a kan macijin. Wutar za ta riƙa ci tana bin layi, kuma a murhu mai santimita 57 irin wannan jeri yakan kai awa 8 ko fiye. Idan gawayin itace ne na gargajiya, mai manya da ƙanana, shi ya fi zafi ya fi saurin cinyewa, jerin maciji ba ya zauna masa da kyau. Ka tara shi tsibi a gefe guda, manya a ƙasa, ka zuba ɗan garwashi a kai ya riƙa ci zuwa ƙasa, ka sa rai da ƙara masa sau biyu ko uku. Ko wanne ne, ka ajiye ƙarin kilo biyu kusa da hannu. Kada ka zuba kananzir a gawayin da zai kama a hankali, warinsa zai bi naman har ƙarshe.

A ƙarƙashin inda naman zai zauna ka sa kwanon ƙarfe da ruwan zafi. Yana tare kitsen da ke ɗiga, yana kuma hana zafin murhu hawa da sauka da sauri.

Ƙofar iska ta ƙasa ita ce linzami. Ta sama ka juya ta ta kasance bisa naman, ka bar ta a buɗe rabi ko fiye don hayaƙi ya ratsa ya fita. Idan ma'auni ya rage digiri 15 ya kai inda kake so, ka fara tsuke ta ƙasa, domin hana wuta hawa ya fi sauko da ita sauƙi. Duk sanda ka taɓa ƙofar, ka jira minti 10 zuwa 15 kafin ka sake taɓawa. Kuma kada ka damu idan zafi na yawo tsakanin 115 da 135. Matsakaicinsa a tsawon yini shi ne abin da naman ke ji.

Ma'aunin da ke maƙale a murfi ba abin dogaro ba ne. Yana auna iskar can sama, wadda takan bambanta da ta wajen raga da digiri 10, 20, wani lokaci fiye. Ka samo mai tsinke biyu da waya, ɗaya a maƙale a raga kamar faɗin yatsu uku daga naman, ɗaya a soke a tudun kafaɗar, ba ya taɓa ƙashi, ba ya cikin kitse. Kafin ranar ka gwada su: a ruwan da aka cika da ƙanƙara su nuna sifili, a tafasasshen ruwa su nuna kusa da 100. Idan a wuri mai tudu kake, ruwa na tafasa a ƙasa da haka, kusan digiri ɗaya ga kowace mita 300 ta tsayi, don haka gwajin ƙanƙara ya fi tabbas.

Awannin farko, da abin da suke gaya maka

Da ka aza ka rufe, ka ɗauko takarda ka rubuta lokaci, zafin murhu da zafin nama, ka riƙa maimaitawa duk rabin awa. Da farko naman zai riƙa hawa da sauri har ya ba ka mamaki. Kafaɗa mai kilo 2.5 da ta fito daga firij, a wutar 120 zuwa 125, takan kai digiri 60 cikin awa 2 da rabi zuwa 3. Wannan shi ne ma'aunin farko na ko kana kan hanya. Idan ta kai a awa 2, wutarka ta fi abin da kake zato zafi, ko naman ya fi siranta, za ka gama da wuri. Idan awa 4 ta wuce ba ta kai ba, wutar ta yi sanyi da yawa, ka buɗe iska nan take. Ba don lokaci kaɗai ba: tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa, ba a son nama ya daɗe yana zaune a nan.

Kada ka ɗauki saurin nan ka yi lissafin ƙarshe da shi. Wanda ya ga naman ya ƙaru da digiri 55 a awa uku, daga 5 zuwa 60, zai ce saura 30 kawai ya kai 90, awa ɗaya da rabi ke nan. Ba haka abin yake ba.

Tsayawar da ke tsorata mutane

Wani wuri tsakanin digiri 65 da 75, ma'aunin zai tsaya cik. Ranar da na fara gamuwa da wannan ban manta ta ba. Na gayyaci mutane, lissafina yana tafiya daidai, sai lambar ta kafe a 68. Rabin awa, 68. Awa guda, 68, har ta sauko 67 ta koma. Na zare tsinken na goge na sake sokawa a wani wuri, na ɗauka ya lalace. Na riƙa ɗaga murfi ina leƙawa, kitse na ta ɗiga a kwano, saman naman na ƙyalli da danshi, ƙamshi ya cika wurin, amma lambar ba ta motsa ba sai bayan awa biyu da rabi. Baƙi sun iso, yara sun fara kai da kawo wajen murhu, na sauke shi a 76 na yanka. Ya dahu, babu jini, amma kowace loma sai an yi ta taunawa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin naman mai kyau ne kuma awa biyu kacal suka rage masa.

Abin da ke faruwa gumi ne. Kusan kashi uku cikin huɗu na tsoka ruwa ne. Idan naman ya yi zafi, ruwan na fitowa samansa yana zama tururi, kuma tururin na tafiya da zafi, kamar yadda zufa ke sanyaya jikin mutum. A wuta mai sanyi akan kai matakin da zafin da ke fita ya yi daidai da wanda ke shiga, sai naman ya tsaya har sai samansa ya bushe. Wannan na iya ɗaukar awa 1, yana iya ɗaukar 3 ko fiye, kuma shi ne babban dalilin da ya sa kafaɗa biyu masu nauyi ɗaya ba sa gasuwa lokaci ɗaya. Lokacin ba a banza yake tafiya ba, kolajin na narkewa a ciki, ɓawon waje na ƙara duhu da ɗanɗano.

Idan ka gane gumi ne, ka gane abin da ke tsawaita shi. Fesa ruwa ko shafa romo a kai a kai yana ƙara masa danshin da zai busar.  Wuta mai sanyi ta fi daɗewa a wurin, a 150 kuwa tsayawar gajeriya ce, wani lokaci ba ka ma lura da ita. Ɗaga murfi ma yana da nasa laifin: zafi ya fice, iska ta afka wa garwashi, bayan ka rufe wutar ta yi tsalle, ka ɓata minti goma sha biyar kana lallashinta. Ka ɗaga idan akwai aikin yi, kamar ƙara gawayi ko ruwa, ka yi su duka a buɗewa ɗaya.

A nan ne za ka sake duba agogo ka yanke shawara. Idan kana cikin rararka, ka bar shi haka, ɓawonsa zai fi ƙarfi. Idan lokaci ya fara ƙurewa, ka naɗe shi. Masu gashi a Amurka sun laƙaba wa wannan dabara sunan jihar Texas, suna kamanta ta da sandar dogarawa. Ka jira sai ɓawon ya kama, wato idan ka kankara shi da bayan cokali kayan ƙamshin ba sa biyo cokalin, galibi wajen digiri 70 zuwa 74. Ka shimfiɗa takardar alminiyam ninki biyu, ka aza naman, ka zuba rabin kofi na ruwa ko romo mai zafi, ka naɗe tam yadda tururi ba zai sami mafita ba, ka mayar da tsinken ma'auni ta jikin takardar. Da zarar gumin ya rasa wurin tafiya, lambar za ta ci gaba da hawa. Daga nan zuwa 93 yakan ɗauki awa 1 da rabi zuwa 2, kuma gaba ɗaya naɗewa na rage wa aikin awa ɗaya zuwa biyu. Abin da za ka rasa shi ne ƙarfin ɓawo, zai yi laushi. Kana iya buɗe takardar a minti 15 na ƙarshe ya ɗan sake bushewa.

Idan lokaci ya ƙure sosai, bayan naɗewa ka ɗaga wutar zuwa 150 ko 160, babu abin da zai same shi a cikin takarda. Idan ma gawayi ya ƙare, ka kai shi tandar girki a 150. Naman da aka naɗe ba ya ƙara shan hayaƙi, bai damu da inda zafin ya fito ba. Abin da ba a yi shi ne tura shi kan garwashi kai tsaye don a hanzarta.

Yanayin ranar

Iska ta fi sanyi ɓarna. Tana kwashe zafi daga jikin murhu, tana kuma kutsawa ta ƙofofi ta hura gawayi ya cinye kafin lokacinsa. Ka juya murhun ƙofar ƙasa ta ba iska baya, ko ka kare shi da wani abu da ba ya kama wuta. Ruwan sama a kan murfi yana saukar da zafi cikin mintuna. A rana irin wannan ka ƙara awa guda a lissafi da ƙarin gawayi. Idan wuta ta faɗi ƙasa da 100 na tsawon awa guda, ka ɗauka wannan awar kusan duk ta tafi, ka ƙara ta a gaba.

Komai tsananin ruwa ko sanyi, kada ka shigar da murhun gawayi ɗaki, ko gareji, ko wani rufaffen wuri, ko da taga a buɗe take. Gawayi na fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutane. Rumfa mai buɗaɗɗun gefuna ita ce iyaka.

Yadda za ka san ya gasu

Daga digiri 88 ka daina kallon agogo ka koma ga tsinke. Ka soka shi a wuri uku ko huɗu: tudun, gefen allon kafaɗa, ƙasan da ke fuskantar raga, da wajen gaɓa. Kafaɗa tsokoki ne da yawa a haɗe, wani wuri zai nuna 95 wani yana 86, kuma wurin da ya fi jinkiri shi ake jira. Abin da hannunka ke nema shi ne tsinken ya shige kamar a cikin man shanu mai laushi, ya fito ba tare da naman ya riƙe shi ba. Idan ka ji ya ɗan cije a wani wuri, ka rufe ka ba shi minti 20 zuwa 30 ka sake. Wata kafaɗar takan saki a 90, wata sai 96.

Wanda ba shi da ma'auni ba a bar shi a baya ba, sai dai ya ƙara rara. Naman zai ja da baya daga kan ƙashi har ƙashin ya fito fili da faɗin yatsu biyu. Idan ka kama ƙashin da tsumma ka murɗa, zai juya ba gardama, allon kafaɗa kuwa zai zaro fes babu tsoka a jikinsa. Idan ka soka cokali mai yatsu ka juya, naman zai rabu zare-zare. Launin waje ba alama ba ce, yakan yi duhu tun awanni kafin ciki ya shirya.

Hutu, da jiran masu ci

Bayan ka sauke, ka buɗe takardar minti 5 zuwa 10 tururi ya fita, don kada ya ci gaba da dahuwa har ya zama dusa. Sannan ka sake naɗewa. Idan saura awa guda a ci, ka bar shi a kan katako an lulluɓe da tawul. Idan ka yaga shi nan take, ruwansa zai malale a faranti, tururi ya kwashe saura, cikin minti goma ya bushe a gabanka.

Idan ka gama da wuri, ka zuba ruwan zafi a kula mai faɗi, ka rufe minti goma, ka zubar ka goge. Ka naɗe naman da tawul biyu a kan takardarsa, ka sa a ciki, ka cike sauran wurin da wani tawul, ka rufe. Kafaɗa mai kilo 2.5 takan riƙe zafinta a haka awa 3 zuwa 4. Ka bar tsinken ma'auni a jikinta, muddin tana sama da digiri 60 lafiya lau take. Idan ta kusa sauka ƙasa da haka ba a shirya ci ba, ka mayar da ita tanda a wuta kaɗan. Abin da ya rage bayan an ci kuwa ya shiga firij kafin awa biyu, a yayyage a kwano mara zurfi don ya yi saurin hucewa.

Ka sa a ranka cewa abin da zai hau faranti kusan rabin nauyin da ka auna da safe ne, bayan ruwa da kitse sun fita an cire ƙashi. Kilo 2.5 zai ba ka kamar kilo 1.2 zuwa 1.4 na tsoka, abin da zai ishi mutum shida idan akwai abincin da za a haɗa da shi. Idan mutanen sun kai goma, ka sayi kafaɗa biyu matsakaita, ka jera su da tazarar yatsu huɗu, ka ƙara minti 30 zuwa 45 kawai a kan lissafin babbar cikinsu, ka soke tsinken a ƙaramar don ita za ta fara kaiwa.

Takardar nan da ka riƙa rubutu a kai, kada ka jefar da ita. Ka ƙara mata nauyin naman, irin gawayin, yanayin ranar, digirin da ya tsaya da tsawon tsayawar, lokacin da ka naɗe, da lambar da tsinke ya shige a kai. Ka raba jimillar awannin da kilo, ka rubuta abin da ya fito a saman shafin da manyan lambobi. Wannan adadin na murhunka ne da hannunka, kuma shi za ka sa a madadin nawa a gashi na gaba. A nawa murhun, bayan gashi huɗu, ya zauna a awa 2 da minti 45 ga kilo a wutar 130 idan na naɗe a 72.